Daga Kasuwar Jalingo Zuwa Bakin Mayo Gwoi

'Yan'uwana ɗalibai, kowa a cikinmu ya san akwai darasin sanin halitta a cikin abubuwan da za a ɗora mana mu koya wa yara in mun fita. Mun kwafe sunayen dabbobi da na tsuntsaye a littattafanmu, mun zana kamanninsu a allo, an kuwa ba mu maki. Amma akwai wata tambaya da ba a yi mana a jarrabawa, watau a ina ne yaron birni zai ga waɗannan halittu da ransu, ba tare da ubansa ya biya kuɗin mota ba? A kan wannan nake so in yi 'yar magana, in ba ku labarin abin da na gani a Jalingo sa'ad da aka tura ni gwajin koyarwa, in haɗa da abin da na taɓa gani a Abuja.

Makarantar da aka tura ni ba ta da nisa da babbar kasuwar Jalingo. Na sauka wurin goggona, ƙanwar mahaifina, wadda take sayar da doya a kasuwar, saboda haka kullum sai na ratsa ta sau biyu, da safe in zan tafi, da la'asar kuma in na taso. Wanda bai san kasuwar nan ba, to, ya sani babu abin da ƙasar Taraba take fitarwa wanda ba ya zuwa can. Ga doyar Zing an jibge ta, ga bandar kifi daga Binuwai, ga Fulani da nono da man shanu, ga hatsi, ga manja. Keke mai ƙafa uku yana ta busa, 'yan dako suna cewa a ba su hanya. In ka kasa kunne sai ka ji Hausa da Fulatanci da Mumuye da Jukun duk a rumfa ɗaya.

Aji huɗu aka ba ni. Ran da muka zo kan darasin namun daji sai na ce wa yara kowa ya faɗi naman dajin da ya taɓa gani da idonsa, ban da na hoto, ban da na talabijin. Nan da nan hannuwa suka tashi. Wani ya ce gafiya, wani ya ce zomo, wata ta ce bushiya, wani ya ce damo, wani kuma aku. Na yi murna, na ce, "Madalla. To, a ina kuka gan su?" Sai duk suka ce, "A kasuwa, Malam." Ashe gafiyar da zomon kyafaffu ne. Bushiyar busasshiya ce a shimfiɗar mai magani. Damon fatarsa ce kawai, akun kuwa yana cikin keji. Sa'an nan wata yarinya da take zama a bencin gaba ta ce, "Malam, ungulu fa, da gaske akwai ta, ko ta cikin tatsuniya ce kamar Gizo?"

Wannan tambaya ta tsaya mini a rai ƙwarai. Ni a ƙauye na tashi. A makarantar mishan da na yi, malaminmu yakan fita da mu bayan gari, mu zauna a gindin ɗorawa, ya ce kowa ya rufe bakinsa ya buɗe kunnensa. Ba mu da littafi mai hotuna, amma ba wanda zai tambaye mu kurege ko fakara mu yi shiru. Ga shi yanzu yara masu wayo, 'ya'yan babban birnin jiha, sun san farashin naman daji, ba su san tafiyarsa ba.

Da na taso ran nan sai na bi ta wurin mahauta, na gai da wani dattijo da yake sayar wa Goggo nama. Na ce, "Baba, yaushe rabonka da ganin ungulu a mayanka?" Ya ajiye wuƙa ya yi tunani, ya ce, "Wallahi, ɗana, an daɗe. Da muna samari sai mun kore su da sanda kafin mu yi aiki. Yanzu ko ka zubar da hanji ba mai zuwa sai ƙuda da karnuka." Abin da dattijon nan ya lura da shi masana ma sun tabbatar. A 2015 ƙungiyar duniya mai lura da halittu, wadda ake kira IUCN, ta sa ungulun nan tamu ta gari a cikin jerin tsuntsayen da suke bakin ƙarewa. Dalilan kuwa sanannu ne. Ana kama ta a sayar da kanta da ƙafafunta don tsibbu, tana cin mushen da aka sa wa guba, ana kuma sare dogayen itatuwan da take sheƙa a kai. Ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, don haka in ta ragu ba ta saurin komowa. Hausawa sun ce ungulu ba ta jewar banza. Ita ce mai kwashe mushe tun bai ruɓe ya jawo cuta ba, ba a kuwa biyanta ko kwabo.

Wani zai ce, ai Taraba ba ta rasa daji ba. Gaskiya ne. Muna da Gashaka Gumti, wanda aka mai da shi gandun dajin ƙasa a 1991, shekarar da aka ƙirƙiri jihar kanta. Ya fi kowane gandun daji girma a Nijeriya, faɗinsa ya wuce murabba'in kilomita 6,000, ya ratsa har cikin Adamawa. A can ne dutsen Chappal Waddi yake, mai tsawon mita 2,419, wanda babu kamarsa a ƙasar nan. Akwai ɓauna, akwai dorina, akwai birai iri iri, har da babban birin nan mai kama da mutum. Abin alfahari ne. Amma daga Jalingo sai ka bi ta Bali zuwa Serti, tafiyar sa'o'i da dama a mota, sa'an nan ka nemi izini da ɗan jagora, ka hau tudu ka ƙetare rafi. Wannan tafiyar masu ƙarfi ce da masu abin hannu. Cikin yaran ajina ba ko ɗaya da ya taɓa zuwa, goggona ma da ta haura shekara hamsin a jihar nan ba ta taɓa ba.

A nan ne na tuna da Abuja. Bara mun je can ziyarar ƙaro ilimi, aka kai mu wani wurin shaƙatawa a unguwar Maitama da ake kira Millennium Park. Marigayiya Sarauniyar Ingila, Elizabeth ta Biyu, ita ta buɗe shi ran 4 ga Disamba, 2003. Wani magini mutumin Italiya, Manfredi Nicoletti, shi ya tsara shi, girmansa kuwa kimanin hekta 32 ne. Wani rafi ya ratsa ta tsakiya ya raba shi biyu. Abokaina sun fi sha'awar maɓuɓɓugan ruwa da ɗaukar hoto, amma ni abin da ya kama hankalina shi ne hanyar da muke takawa. An daɓe ta sumul, ba rami, ba tudu mai wahala, ba mota, ba babur. Na ga wata tsohuwa tana tafe tana dogara sanda, jikarta na riƙe da hannunta. Na ga ana tura wani a keken guragu, yana ɗaga kai yana duban tsuntsaye a kan itace. Na ga mace mai goyo ta zauna a inuwa. Tsuntsayen da suke wurin ba wasu baƙi ba ne, irin namu ne, kurciya da balbela da hankaka. Sai dai ba sa firgita, gama sun saba da mutanen da ba sa jifa.

Irin wannan hanya tana da tarihi a ƙasashen waje. Akan bar wani siririn fili a gefen kogi, ko kan tsohon layin dogo, a hana gini a cikinsa, a bar itatuwa da ciyayi, sa'an nan a shimfiɗa hanyar ƙafa ta bi ta ciki. Ƙa'idar masu yinta ita ce kada hawanta ya wuce taku 1 a cikin kowane taku 20, domin mai keken guragu ya iya bi shi kaɗai. A birnin Boston na Amurka, wajen 1880, wani mai tsara lambuna da ake kira Frederick Law Olmsted ya ɗauki wata fadama mai wari, wadda ƙazantar gari take malala a cikinta, ruwa kuma yake ambaliya daga gare ta, ya gyara ta, ya haɗa ta da waɗansu filaye har suka zama jeri guda na lambuna. Ku lura, ba don ado kaɗai aka fara aikin ba, don maganin ambaliya da ƙazanta ne. Har yau mutanen birnin suna yawo a wurin.

Da na tuna da wannan sai na ce a raina, ai Jalingo ma tana da koguna. Tun da Sarkin Muri Muhammadu Nya ya kafa garin a 1893, a tsakanin duwatsu da ruwa yake zaune. Ga Mayo Gwoi, ga Lamurde, sun haɗu sun nufi Binuwai. "Mayo" da Fulatanci kogi ke nan. Daga kasuwa zuwa bakin Mayo Gwoi bai kai tafiyar sa'a ɗaya ba, ko da da yara ne. Na je wurin hedimasta na ce, "Ranka ya daɗe, ina neman izini in kai 'yan aji huɗu bakin kogi ran Asabar da sassafe." Ya ce in iyaye sun yarda, kuma in akwai babba da zai raka mu, ba laifi. Goggo ta ce ita za ta je, ta bar wa maƙwabciyarta rumfa. Ta kuma kirawo wani tsoho mai gadi a kasuwa, wanda ya yi farauta a ƙuruciyarsa, ya ce zai yi mana jagora.

Farkon watan Mayu ne, an yi ruwa sau biyu ko uku. Muka taru a bakin kasuwa tun masu rumfuna ba su gama buɗewa ba, yara 23 suka zo. Na kafa musu doka uku: ba danƙo, ba ihu, ba mai shiga ruwa. Tsohon ya sa aka juye aljihuna, aka sami danƙo huɗu, Goggo ta ɗaure su a bakin zanenta. A cikin yaran akwai wani wanda ƙafarsa ta hagu ta shanye tun yana jariri, da sanduna biyu yake tafiya. Shi ne ya fi kowa iya zane a ajin, shi ne kuma ya riga kowa zuwa.

Muddin muna kan kwalta bai sha wata wahala ba, sai dai kaucewa keke. Amma da muka saki titi muka gangara sai hanya ta zama wata iri. Zaizaya ta cinye ta, ga juji, ga leda, ga ramukan masu haƙar yashi, ga sawun tifa ya kafe kamar kunya. Sandunan yaron suna nutsewa a yashi. Ya yi ta ƙoƙari bai ce uffan ba, har muka iso wata gangara mai tsayi. Nan ya tsaya ya ce, "Malam, ku je, ni zan jira ku a nan. In kun dawo ku gaya mini." Goggo ta ce, "A'a, ɗan nan, ba a yi haka ba." Na goya shi, babban yaron ajin ya ɗauki sandunan, muka sauka. Bai ji daɗin goyon ba, gama yaro mai shekara goma sha ɗaya ba ya son a goya shi a gaban 'yan mata. Ya ɓoye fuskarsa a bayana har muka kai ƙasa.

Tsohon ya zaunar da mu a gindin wani ɓaure, ya ce, "Malam, gaya musu daji ba ya son gaggawa. Wanda ya zauna shi yake gani." Muka yi tsit. Da fari ba kome sai ƙarar injin ban ruwa daga wani lambu. Can sai muka ji wani kuka daga cikin ciyawa, kamar ana tsiyaye ruwa daga kwalba. Tsohon ya ce ragon maza ke nan, ba a jima ba kuwa ya fito, jan bayansa yana ƙyalli, yana tafe da nauyin jiki. Sai ga zalɓe a tsaye cikin ruwa kamar an dasa shi. Sai ga zakaran ƙeƙuwa yana gudu a kan yashi yana tsiwa. Cilakowa biyu suka sauka a kan ɓauren da muke zaune, suna cin 'ya'yansa. Na gaya wa yara yadda macen takan shiga kogon itace ta liƙe ƙofar, ta bar 'yar tsaga, namijin ya yi ta kawo mata abinci har ta ƙyanƙyashe. Goggo ta ce da maza duka haka suke da an huta, yara suka yi ta dariya a ciki-ciki.

Balbelu suna bin waɗansu shanu a ƙetare. Na ce musu tsuntsuwar nan da suke rainawa ta ƙetare tekun Atlantika da fikafikanta. An fara ganinta a Amurka ta Kudu a 1877, a 1953 kuwa aka same ta tana sheƙa a Fulorida. Ba su gaskata ni ba sai da na rantse musu da girman hedimasta. Sa'an nan yaron nan mai sanduna, wanda ya fi kowa natsuwa tun da ba ya iya zirga-zirga, ya taɓa ni ya nuna wani dutse a bakin ruwa. Guza ne kwance yana shan hantsi, ya yi kusan tsawon yaron kansa. Duk mun dube wurin ba mu gan shi ba. Ya fitar da fensir ya zana shi kafin ya silale cikin ruwa.

Muna shirin tashi sai tsohon ya nuna sama. Shamuwa ce, garke guda, suna kewaya suna yin arewa. Ya ce, "To, manoma su gyara fartanya." Na ƙara musu da cewa in damina ta wuce a nan, shamuwa takan tafi can kudancin Afirka ta bi ruwan sama, tana cin fara da tsutsotsin da suke ɓata amfanin gona, shi ya sa kakanninmu suka hana a taɓa ta. Ungulu kam ba mu ga ko ɗaya ba. Yarinyar da ta yi tambaya ta yi ta duban sama har muka hau titi.

To, 'yan'uwa, ga abin da na tsinta. Namun da tsuntsayen suna nan a bayan kasuwa, ba su ƙare ba tukuna. Abin da ya rage shi ne hanyar zuwa wurinsu wadda kowa zai iya bi. Mu samari mukan raina hanya mai sauƙi, mu ce ta ragwaye ce, sai mun hau dutse mun yi gumi muke jin mun yi yawo. Amma gari ba na samari kaɗai ba ne. Akwai tsoho, akwai mai ciki, akwai makaho, akwai wanda likita ya ce ya riƙa tafiya kullum saboda hawan jini ko ciwon sukari, akwai ɗan aji huɗu mai sanduna. In hanya ta karɓi waɗannan, ta karɓi kowa. Shi kuwa kallon tsuntsu, mai tafiya sannu ne yake cin ribarsa.

Na san za a ce gari yana bukatar ruwan sha da magani da azuzuwa, ina ake ta hanyar kallon tsuntsaye? Ban musa ba. Amma ku tambayi manya a Jalingo labarin ambaliyar watan Agusta na 2005, wadda ta karya gadar Nukkai, mutane da yawa suka rasu. Kogi yana da filinsa, in an gina a ciki wata rana zai zo ya karɓa. In aka bar gaɓa ga itatuwa da hanyar ƙafa, ruwa ya zo ya koma, abin da za a yi asara bai wuce benci ba. Saiwoyin itatuwa kuma suna riƙe ƙasa kada ta zaizaye. Masu lambu ba sai an kore su ba, hanya tana iya bi ta gefensu, su ma su sami masu sayen latas da tumatir. Mun kuwa ga abin da rashin kula yake yi wa itace a jihar nan, sa'ad da aka yi ta sare madobiya, wadda 'yan katako suke kira madrid, ana kai ta ƙasar Sin, har a 2017 aka sa ta cikin itatuwan da dokar duniya ta taƙaita cinikinsu. Cilakowa ba ta sheƙa a kan kututture.

Daɓe hanya aikin hukuma ne da masu unguwanni, ya fi ƙarfin ɗalibi. Amma akwai abin da bai fi ƙarfinmu ba. Duk makarantar da aka tura ka, nemi rafi ko kurmi ko tsohuwar tsamiya mafi kusa, ka taka hanyar da kanka tukuna, ka duba ko mafi rauni a ajinka zai iya binta. Nemi tsohon da ya san daji, ka girmama shi, gama ya fi littafinka sanin wurin. Ku dasa ɓaure da ɗorawa da tsamiya a bakin filin makaranta. Ku buɗe littafi guda, ku riƙa rubuta ranar da aka fara ganin shamuwa kowace shekara, da ranar da aka ga ungulu in Allah ya sa an gani. Yaran da suka yi wannan, wata rana su ne kansiloli da injiniyoyi da masu unguwa, su ne za su sa hannu a takardar da za ta ba da gaɓar kogi ko ta hana. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A ƙarshe ina roƙon Edita, in ya yarda, ya ware mana ɗan fili a wannan mujalla, domin duk wanda ya dawo daga gwajin koyarwa ya aiko da sunayen tsuntsaye da namun da shi da yaransa suka gani, da sunan garin, da watan, da Hausa da kuma harshen mutanen wurin. Namu na Mayo Gwoi yana hannuna, tare da zanen guza. Allah ya ba mu sa'ar aikin da muka sa gaba, amin.